Bitar MSI B450 Tomahawk Max ga wanda madabod ɗinsa ya mutu

A yau ba mai haɗa sabuwar kwamfuta daga tushe ne ke neman wannan bod ɗin ba, wato madabod, babban allon da sauran kayan kwamfuta ke hawa kansa. Mai nemansa shi ne wanda nasa ya ƙone ko ya daina tashi, alhali furosesarsa ta Ryzen, ta kamfanin AMD, lafiyarta ƙalau, ram ɗinsa na DDR4 na nan, kuma ba shi da niyyar zubar da su. Saboda haka ma'aunin da muka ɗora shi a kai guda ne: idan aka kwashe tsofaffin kaya aka mayar kansa, kwamfutar za ta tsaya da ƙafarta? In kuma ta fara sandarewa, ko kashe kanta, ko jefo shuɗin allo, bod ɗin zai taimaka a gano inda cutar take, ko zai bar mutum yana lalube cikin duhu?

Amsarmu ita ce yana taimakawa sosai, fiye da yawancin sa'o'insa. Amma ba ya yin aikin da ya rataya a wuyan mai haɗawa.

Ya fito a 2019, lokacin da AMD ta saki Ryzen 3000. Soket ɗinsa, wato mazaunin furosesa, AM4 ne, girmansa cikakken ATX, santimita 30.5 da 24.4. Yana da gurbin ram huɗu, ramin SATA shida na haɗa faifai, gurbin M.2 ɗaya na ƙaramin faifan SSD, da ramin wayar intanet mai gudun gigabit na Realtek. Kalmar Max da ke jikin sunan ba ado ba ce. Tomahawk na farko ƙwaƙwalwar BIOS ɗinsa, wato manhajar cikin bod da ke tada kwamfuta, megabait 16 ce, da Ryzen 3000 ta zo sai wuri ya yi kaɗan har sai da kamfanin ya rage wa shafin BIOS kwalliya kafin ta shiga. Max yana da megabait 32, shi ya sa ya ɗauki Ryzen tun daga 1000 har 5000 ba tare da wannan matsin ba. Ɓangaren da ke tace wa furosesa wuta an lulluɓe shi da ƙarfen sanyaya mai kauri, kuma wannan na daga cikin abin da ya yi masa suna. Ryzen 5 3600 ko 5600 ba sa ko gumi a kansa.

Abu na farko da ya cancanci yabo shi ne ƙananan fitilu huɗu da ke gefen dama, kusa da inda babbar wayar wuta mai fil 24 ke shiga. An rubuta musu CPU, DRAM, VGA da BOOT. Da ka danna makunni za su riƙa kamawa ɗaya bayan ɗaya suna mutuwa. Wadda ta tsaya a kunne, nan tafiyar ta tsaya. Wanda ya taɓa zama gaban baƙin sikirin, fankoki na juyawa amma babu hoto babu ƙara, ya san darajar wannan. Sai dai a fahimce su da kyau, domin fitilar tana nuna matakin da aka maƙale ne, ba lallai kayan da ya lalace ba. Fitilar CPU kan tsaya saboda an manta wayar wuta mai fil 8 da ke can saman bod ta hagu, ko saboda BIOS ɗin bai san furosesar ba. Fitilar DRAM kan tsaya saboda fil ɗaya na furosesa ya lanƙwashe, tunda mai kula da ram a cikin furosesa yake zaune. Fitilar VGA kuwa sau tari ba komai ba ne illa an sa wayar sikirin a HDMI na bod, alhali furosesar ba ta da hoto a cikinta. HDMI da DVI na bayan bod ɗin nan suna aiki ne kawai da furosesa masu hoto a ciki, irin su 3200G, 3400G da 5600G. Mai 3600 ko 5600 dole ya sa katin hoto, kuma a jikin katin zai sa waya.

Na biyu shi ne maɓallin Flash BIOS da ke baya, wanda ke sabunta BIOS ko babu furosesa ko ram a kai. Ga wanda ya sayi bod da tsohon BIOS kuma furosesarsa Ryzen 5000 ce, wannan maɓallin ne ke raba shi da yawon neman aron tsohuwar furosesa. Yadda ake yi: a samu filashi, ƙarami ya fi, a yi masa fomat zuwa FAT32. A sauko da fayil ɗin BIOS daga shafin MSI, a warware shi, a canza masa suna ya koma MSI.ROM, a ajiye shi a farfajiyar filashin ba cikin wata jaka ba. A haɗa wayar fil 24 da ta fil 8, a sa filashin a ramin USB ɗin da littafin bod ya ware wa wannan aiki, a danna maɓallin. Fitila za ta riƙa ƙiftawa na 'yan mintoci, in ta gama ta mutu. Kurakurai biyu ne ke yawan faruwa. Ɗaya, Windows na ɓoye wutsiyar sunan fayil, sai mutum ya ɗauka ya canza suna alhali tsohuwar wutsiyar na nan maƙale a baya. A buɗe nuna wutsiyar suna kafin a canza. Biyu, ɗauko fayil na wani bod. Akwai Tomahawk, akwai Tomahawk Max, akwai Max II, kuma kowanne da nasa. Na farkon lambarsa na farawa da 7C02v1, na Max da 7C02v3. Kuma kada a fara wannan aiki a kan wutar da ba a amince da ita ba. A sa UPS mai cikakken caji, domin mintocin nan ba na ɗaukewar wuta ba ne.

Kafin a kai ga zargin saiti, a duba yadda aka ɗaura bod ɗin. Ana ɗora shi ne kan ƙananan ƙafafun ƙarfe da ake murzawa a jikin kesin, kuma bod mai girman ATX ramuka tara yake da su. Idan tsohon bod ɗin ƙarami ne, mazaunin wasu ƙafafun ya bambanta. Ƙafa ɗaya da aka bari a inda babu rami za ta riƙa gogar bayan sabon bod, sai ka ga kwamfuta na mutuwa da an taɓa kesin ko an sa filashi a gaba. A ƙirga ƙafafu, a ƙirga ramuka, su zo daidai. Haka farantin baya na ramukan USB: a wannan bod ɗin daban yake zuwa, ba a manne ba, kuma yana da 'yan harsuna da kan shige cikin ramin USB ko na intanet in ba a lura ba. Hanya mafi tsabta ita ce a fara tada bod ɗin a waje, a kan kwalinsa, da furosesa, da ram ɗaya, da katin hoto, da fawa-fak, wato akwatin da ke ba kwamfuta wuta. A taɓa fil biyu na makunni a JFP1, inda wayar makunnin kesin ke shiga, da bakin sukurudireba. In ya tashi lafiya a waje ya rikice a ciki, to kesin ne.

Wajen cire furosesa daga tsohon bod ma akwai tarko. Furosesar AM4 fil 1,331 gare ta a ƙasanta, kuma man sanyaya da ke tsakaninta da fanka in ya bushe yana riƙewa kamar gam. Mai fizgo fanka kai tsaye sai ya fizgo ta tare da furosesar. A murza fankar a hankali hagu da dama har ta saki, sannan a ɗaga. A duba fil ɗin a haske ta gefe, layi-layi. A goge tsohon mai da sifirit, a ɗiga sabo kamar ƙwayar wake a tsakiya, a ɗaure sukurori huɗun a gicciye, kaɗan-kaɗan, kada a gama da ɗaya kafin a taɓa sauran. A lokacin hunturu, da iska ta bushe, a taɓa ƙarfen kesin kafin a taɓa bod ko ram.

Yanzu ga inda mafi yawan rikicin yake, wato ram. Idan sanduna biyu ne, gurbinsu DIMMA2 da DIMMB2, wato na biyu da na huɗu in ka ƙirgo daga wajen furosesa. An rubuta a jikin bod, amma mutane da yawa na sawa a na farko da na uku, ko su jera su kusa da juna. Kwamfutar za ta iya tashi a haka, sai dai ko ta rasa rabin faɗin hanyarta, ko ta ƙi ɗaukar gudun da aka rubuta a jikin ram ɗin. A danna har makullin ya yi ƙas da kansa. Sandar da ta shiga rabi na iya sa Windows ta nuna gigabait 16 a sanye amma 8 kawai ake amfani da su.

Da farko bod ɗin zai tafiyar da ram a gudun da aka tabbatar kowa na ɗauka, yawanci 2133 ko 2400 a kan bolt 1.2. Gudun 3200 ko 3600 da ke jikin kwali ba ya zuwa sai an kunna A-XMP a BIOS, wanda ke ɗaga wutar zuwa bolt 1.35. Abin da ba a cika faɗa wa mai saye ba shi ne wannan tura kaya ne sama da ƙa'ida, kuma nasararsa ta dogara da abu uku tare: ram, furosesa da bod. Don ram ɗin ya yi 3600 a tsohon bod ba hujja ba ce zai yi a nan. AMD kanta abin da ta lamunce shi ne 2666 ga Ryzen 1000, 2933 ga Ryzen 2000, 3200 ga Ryzen 3000 da 5000. In aka cika gurabe huɗu, nauyin na ƙaruwa. Ga Ryzen 3000 lamunin na sauka zuwa 2933, ko ma 2667 in sandunan masu hawa biyu ne, wato dual rank. Balle a ce an gauraya sanduna daga kamfanoni daban-daban, wanda shi ne halin yawancin kwamfutocin da aka yi ta ƙara wa ram sannu a hankali.

Alamomin ram mara natsuwa sanannu ne: shuɗin allo mai canza suna kullum, yau MEMORY_MANAGEMENT, gobe IRQL_NOT_LESS_OR_EQUAL, jibi PAGE_FAULT_IN_NONPAGED_AREA, burauza na rufe kanta, fayil ɗin da aka matse yana ƙin warwarewa. Tsarin bincike shi ne a shiga BIOS da maɓallin Delete, a danna F6 a mayar da komai yadda ya zo, a adana da F10, a bar A-XMP a kashe. A sa manhajar gwajin ram ta MemTest86 a filashi, a tashi daga kansa ta F11, a bar shi ya yi zagaye huɗu cur. Da gigabait 16 yana cin sa'o'i, don haka a sa shi da dare. Kuskure ko ɗaya ne bai karɓu ba. In ya fito a wannan ƙaramin gudun, a gwada sanduna ɗaya-ɗaya a DIMMA2: in sanda ɗaya ce ke kawo shi, ita ce ta lalace, in kowace sanda lafiya take a wani gurbi amma tana kuskure a wani, to gurbin ne ko fil na furosesa. In kuwa komai ya wuce lafiya, sai a kunna A-XMP a sake gwajin. Kuskure ya dawo? A sauko da gudun da hannu, daga 3600 zuwa 3200, daga 3200 zuwa 2933. Abin da za a rasa na sauri kaɗan ne, ba za a ma ji shi ba a aikin ofis. Idan an yi saitin da ya hana bod tashi gaba ɗaya, a zare wayar wuta daga bango, a haɗa fil biyu na JBAT1, masu goge saitin BIOS, da bakin sukurudireba na daƙiƙa 5 zuwa 10. A nan muna da ƙorafi: babu maɓallin goge saiti a baya, sai an buɗe kesin an laluba, kuma mai babban katin hoto zai sha wuya kafin hannunsa ya kai.

Sai tsohon Windows. Windows 10 da 11 kan tashi a sabon bod ba tare da an sake sa su ba, kuma wannan sauƙin ne ke yaudarar mutane. Idan daga bod na AMD aka koma wannan, yawanci ya isa a cire manhajojin tsohon kamfanin, irin masu sarrafa fanka da fitilu da masu tura gudu, sannan a sa direban cifset, wato guntun da ke kula da ramukan bod, daga shafin AMD, da na sauti da na intanet daga shafin MSI. Waɗannan manhajojin suna sa direbobi masu magana da kayan bod kai tsaye, in suka nemi abin da babu shi sai su kayar da tsarin duka. Idan kuwa daga Intel aka taho, shawararmu a kwashe fayiloli a sa Windows sabo. Awa biyu na sake sawa ya fi mako biyu na farautar direba.

In ya ƙi tashi sam, fitilar BOOT ta tsaya ko BIOS bai nuna faifan a jerin tashi ba, a duba BIOS CSM/UEFI Mode da ke ƙarƙashin Windows OS Configuration. Windows ɗin da aka sa a faifai mai tsohon tsarin MBR sai da CSM, tsohuwar hanyar tashi, yake tashi, mai sabon tsarin GPT kuma da UEFI. In shuɗin allon ya ce INACCESSIBLE_BOOT_DEVICE, galibi saitin SATA ne ya bambanta: tsohon bod ɗin a RAID yake tafiyar da faifai, wannan kuma yana AHCI. Wanda faifansa ke kulle da BitLocker ya nemo mabuɗinsa mai lamba 48 tun kafin ya kwance tsohon bod, domin makullin na ɗaure ne da TPM, ma'ajiyar mabuɗan tsaro, na tsohon tsarin, kuma ba tare da lambar nan ba babu mai gyaran da zai buɗe masa. Lasisin Windows ma da bod yake ɗaure. Wanda ya haɗa nasa da asusun Microsoft zai iya dawo da shi ta mai warware matsalar kunna lasisi da ke cikin Windows, ya zaɓi cewa ya canza kaya. Lasisin da ya zo manne da kwamfutar kamfani yawanci ba ya ƙaura.

Idan kwamfuta na mutuwa ɗif ba tare da shuɗin allo ba, musamman da an buɗe wasa ko an fara tace bidiyo, ido ya koma kan fawa-fak. Tambayar da ya kamata kowa ya yi tun farko ita ce: me ya kashe tsohon bod ɗin? Idan wuta ce ta yi sama, ko janareta ya yi tsalle, to ta cikin fawa-fak ta bi, kuma mai yiwuwa shi ma ya ji rauni. Ɗaura sabon bod a kansa kasada ce. A Event Viewer, inda Windows ke rubuta abin da ya faru, za a ga Kernel-Power mai lamba 41, amma wannan ba ya faɗin dalili, cewa kawai yake an mutu ba shiri. A auna da mita: wayar rawaya bolt 12 ce, ta tsaya tsakanin 11.4 da 12.6, ja bolt 5, tsakanin 4.75 da 5.25, mai ruwan lemo 3.3, tsakanin 3.14 da 3.47. A auna lokacin da injin ke aiki tuƙuru, ba yana hutawa ba. Ko da lambobin sun yi daidai, mita ba ta ganin faɗuwar da ke zuwa cikin ƙiftawar ido, don haka gwaji mafi inganci shi ne a ari wani fawa-fak mai lafiya a gwada na yini guda. A kiyaye abu biyu: wayar furosesa mai rabuwa 4 da 4 daban take da ta katin hoto mai rabuwa 6 da 2, kuma wayoyin fawa-fak masu cirewa ba a sa na wani a jikin wani ko da bakin ya shiga.

Akwai kuma akasin haka, wanda ya fi ɗaure kai: injin na jure aiki mai nauyi, amma da an bar shi shiru sai ya sake tashi da kansa ko ya sandare. Wannan sananne ne a Ryzen. Lokacin hutu furosesar na rage jan wuta ƙwarai, wasu tsofaffin fawa-fak kuma ba sa iya riƙe wutar daidai a wannan ƙaramin ja. A sashen OC na BIOS, cikin saitunan furosesa, akwai Power Supply Idle Control. A mayar da shi Typical Current Idle. In bai daina ba, a gwada kashe Global C-state Control don a tabbatar daga nan ne. A leƙa Event Viewer kuma a nemi WHEA-Logger. Lamba 19 na yawan fitowa idan gudun ram da na hanyar cikin furosesa sun yi mata yawa, maganinsa saukar da gudu. Lamba 18 da ke dawowa ko bayan an mayar da komai yadda ya zo, an sabunta BIOS, an canza fawa-fak, tana nuni ga furosesar kanta. Zafi kuma a duba shi da manhajar HWiNFO yayin da OCCT, manhajar da ke ɗora wa furosesa nauyi, ke aiki na rabin awa: iyakar Ryzen 5 3600 digiri 95 ce, kuma in ta kai nan cikin daƙiƙoƙi, fankar ba ta zauna daidai ba ko an manta ledar da ke ƙasanta.

Wata matsala da ake ɗora wa bod alhali ta BIOS ce: sauti ya yi kakkarwa, linzami ya tsaya na daƙiƙa ɗaya ko biyu, sannan komai ya ci gaba. AMD ta amsa a 2022 cewa fTPM ne ke jawo haka, wato TPM na cikin furosesa wanda Windows 11 ke buƙata, kuma gyaran ya zo a AGESA 1.2.0.7, wato ɓangaren BIOS da AMD ke rubutawa. Duk BIOS na wannan bod da ya kai wannan lamba ko ya wuce ta ya wadatar. Tunda tallafin Windows 10 ya ƙare a 14 ga Oktoba 2025, masu kunna fTPM sun ƙaru, don haka a duba lambar. Mai Ryzen 1000 ya sani cewa furosesarsa ba ta cikin jerin da Microsoft ta amince wa Windows 11, ko wane bod ya sa.

Aibobin da suke nasa na kansa ba su da yawa, amma ɗaya na cizo. Da zarar an sa SSD a gurbin M.2, ramukan SATA5 da SATA6 sun mutu. Mutum ya mayar da faifansa na ajiya ɗaya daga cikinsu, ya ga ya ɓace, ya ɗauka faifan ne ya lalace ko bod ɗin jabu ne. A yi amfani da SATA1 zuwa SATA4. Gurbin M.2 ɗin ma ɗaya ne tak. Babu Wi-Fi, babu Bluetooth, babu PCIe 4.0, don haka sabon SSD mai gudu zai tafi ne a gudun 3.0. Sautinsa ALC892 ne, tsohon yayi, ya ishi sifika da kiran bidiyo amma ba mai aikin sutudiyo ba. Kesin mai USB-C a gaba ba zai samu inda zai sa wayarsa ba.

Mafi yawan wanda za a samu yanzu na hannu ne, don haka a gwada shi a gaban mai sayarwa. A sa ram a gurabe huɗun ɗaya bayan ɗaya, a ga kowanne ya tashi. A haska ramukan soket a ga babu busasshen mai ko karyayyen fil a ciki. A juya bayansa a nemi tabon ƙuna ko alamar an yi masa walda kusa da wayar fil 8. A auna batirin CR2032. In ya yi ƙasa da bolt 3 sosai a canza, domin mataccen batir na sa saiti da agogo su goge duk lokacin da aka zare wuta, sai A-XMP da CSM su koma yadda suka zo, mutum ya ga kwamfutar da ta yi lafiya jiya ta ƙi tashi yau. A kuma tabbatar an haɗo da farantin baya da ƙarfen bayan soket, domin fankar AMD ta cikin kwali a jikin wannan ƙarfen take ɗaurewa, kuma samunsa shi kaɗai wahala ne.

Ga mai Ryzen 2000, 3000 ko 5000 da ram na DDR4, wanda SSD ɗaya na M.2 da faifai huɗu suka ishe shi, mun ba da shawarar a saye shi ba tare da ɗar-ɗar ba. Wanda ke son M.2 biyu ko PCIe 4.0 ya ƙara kuɗi ya nemi bod mai cifset B550.